Facin Baba Reg a Wutsiyar Jirgi

Ku ajiye wayoyin nan tukuna ku matso. Ɗazu na ji ɗayanku yana cewa, "Grandad, it's just banging," wai aikin fanal-bita ba komai ba ne illa duka da guduma. To madalla. Ni Bala na yi shekara arba'in da 'yan kai ina wannan dukan a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa a nan unguwar Peckham ta Landan, kuma har na ajiye guduma ban ga ƙarfe biyu masu hali ɗaya ba. Ku da ko gwangwanin kifi ba ku iya buɗewa sai kun yanke yatsa, ku ne za ku raina mini sana'a?

A Kano na fara. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, maƙerin tukwane ne, yana narka tarkacen alminiyam ya zuba tukunya da ludayi. Daga hannunsa na koma garejin wani fanal-bita a Sabon Gari, na yi shekara shida, har ta kai in aiki ya gagara sai a ce a kai wa Bala. Da kuɗin mai suka fara shigowa ƙasa, aka turo mu Landan kwas na gyaran jikin mota, aka ce kowa ya nemi garejin da zai riƙa gwada hannu. Na zo da girman kai cike da akwati. A raina ina cewa me Bature zai koya mini a kan guduma?

Ranar farko da na shiga garejin nan na tarar da mai shi, wani dattijon Bature gajere mai kaurin hannu, sunansa Reg. Ni na laƙaba masa Baba daga baya, ya kuma amsa. Bai tambaye ni takarda ba. Ya nuna mini ƙofar wata mota da ya gama gyarawa, ya ce in gaya masa inda aka buge ta. Na duba sama, na duba ƙasa, na karkata kai, na ce ai lafiyarta ƙalau. Sai ya shimfiɗa mini wani siririn ƙyalle a tafin hannu, ya ce in rufe ido in shafa. Wallahi ina shafawa sai ga lotsawa uku a ƙarƙashin hannuna, 'yan ƙanana, waɗanda ido bai gani ba.

"Da gangan na bar su," in ji shi. "In aka fesa fenti a haka, mai mota zai hango su daga tsallaken titi."

Wata uku bai bar ni na taɓa motar kowa ba. Zai ba ni fallen ƙarfe miƙaƙƙe ya ce in mayar da shi kwano. In na gama, ina murna, sai ya ce to mayar da shi yadda yake. A nan na gane abin da shekara shida ba su koya mini ba. Ƙarfe in an buge shi ba lotsawa kawai yake yi ba, buɗewa yake yi, ya ƙara faɗi. In ka bi shi da duka ta baya, ƙara buɗa shi kake yi, ya riƙa yi maka ɓas-ɓas kamar gindin tsohon kwano. Sai ka ɗana masa wuta a wuri ɗaya kamar girman sule, ka tara shi da guduma a hankali, ka danna jiƙaƙƙen tsumma ya tsuke. Gudumarmu goma sha ɗaya ce, kowace da bakinta da aikinta. Ga doli, wato dunƙulen ƙarfen da ake karawa ta baya ya karɓi dukan. Ga magagari mai nuna maka tudu da kwari. Ga wani tsohon inji mai tayoyin ƙarfe biyu, ba ya cin wuta, kai ne za ka yi ta tura falle gaba da baya a tsakaninsu har ya lanƙwashe yadda kake so. Filar nan da 'yan yanzu suke laftawa kamar masu yaɓen ɗaki, Baba Reg ko warinta ba ya son ji.

Shekarun nan kuwa, kai, an yi aiki! Kuɗi sun faso a gida. Ɗalibai, likitoci, manyan ma'aikata da aka turo kwas, kowa ba ya son komawa sai da mota. A lokacin an riga an canja hannun tuƙi a Najeriya an koma dama, saboda haka duk mai tafiya da mota sai ya sayi mai sitiyari a hagu. Amma nan Landan hagu ake bi. Mutum zai karɓi sabuwar mota, maimakon ya kai ta tashar jirgin ruwa, a'a, sai ya zaga da ita unguwar Tottenham a gan shi tukuna. Yana zaune a hagu, ba ya ganin abin da ke gefen damansa. Duk motar da ta shigo mana, ba sai na duba ba, na san inda take ciwo: gefen dama na gaba, kusa da fitila.

Akwai wani Alhaji da ya kawo mana mota ɗaya sau uku a wata biyu. A na ukun ya ja ni gefe, gumi na keto masa cikin babbar riga da kwat a sama.

"Malam Bala, na yi booking ɗin jirgi ranar Laraba. Don girman Allah kada mutanen gida su gane an taɓa ta. Na rubuta musu cewa sabuwa ce dal."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni zan yi nawa. Amma daga nan zuwa Laraba ka hau tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa."

Baba Reg kansa sai da ya iya "ranka ya daɗe" da "gobe". Na biyun ya fi amfani da shi.

Mummunar shekararmu ta fara ne da wani hunturu da aka yi rikicin ma'aikatan kwal, aka koma ba mu wuta kwana uku kacal a mako. Ba injin iska, ba feshin fenti. Ba mu gama farfaɗowa ba sai jirage suka yi cunkoso a tashar Legas, jirgi ya yi watanni a kan ruwa bai sauke kaya ba. Masu motoci suka yi ta cancel, wasu suka bar mana nasu a tsakar gareji suka tafi gida, har muka rasa wurin juyawa. Ma'aikata biyu suka kama gabansu, muka rage ni da shi.

A irin ranakun rashin wutar nan ne, muna zaune da hantsi kusa da risho muna ɗumama hannu, ya ba ni labarin da matarsa kaɗai ta sani. Lokacin yaƙin duniya na biyu yana ɗan shekara goma sha tara, yana cikin masu gyaran jikin jiragen saman yaƙi a wani fili kusa da bakin teku. Kowane jirgi da mutanensa. Nasa ƙarami ne mai cin mutum ɗaya, matuƙinsa wani saurayi siriri mai yawan dariya, sunansa Tom. Wata safiya Tom ya dawo daga faɗa da tsaga a jikin jirgin, dab da wutsiya. Aka ce ana buƙatar jirgin da tsakar rana. Reg ya yanko faci ya buga shi da ribit, wato ƙusoshin nan da ake dame bakinsu su kama falle biyu. Aikin rabin yini ya yi shi cikin minti arba'in. Tom ya tashi, bai dawo ba. Matuƙin da ke biye da shi ya ce da idonsa ya ga wutsiyar ta rabu da jirgin a saman teku, kuma bai ga jirgin abokan gaba a kusa ba.

"Babu wanda ya tuhume ni, Bala," ya ce. "Da ma an tuhume ni, da na san matsayina. Wutsiya ta cire a inda na yi faci. Kai ma ma'aikaci ne, gaya mini me ke nan."

Amsar da ke bakina ita ce wadda yake tsoro.

Tom yana da ƙanwa, Elsi. Bayan abin ya faru ta rubuto wa ma'aikatan filin tana tambaya ko akwai wanda ya ga yayanta a safiyarsa ta ƙarshe, ya gaya mata ko me ya yi, ko me ya ce. Wasiƙar ta faɗo hannun Reg, bai amsa ba. Shekara talatin da 'yan kai ke nan. Ya san inda take zaune, a Plumstead, tafiyar bas ce kawai daga garejinmu. Ya ce da wane ido zai dube ta? Abin da ya iya yi shi ne ya bar sallahu wurin masuntan garin da ke kusa da inda jirgin ya faɗa, cewa duk sanda komarsu ta jawo tarkacen jirgi su kira shi. Ya je sau biyar ko shida, kullum na wani ne.

Aikin da nake son ku ji ya zo ne a bazarar da aka yi fari a Ingila, rana kamar ta Kano, ciyawar filaye duk ta ƙone. Ranar wata Juma'a da safe waya ta yi ƙara. Na ga Baba Reg ya saurara, ya ajiye, ya ɗauki makullin motar kaya da hularsa a karkace.

"Rufe gareji! Maza!"

Tsohon da ba ya wuce gudun keke a titi, ranar sai da na riƙe ƙofa ina salati. Muka isa bakin teku, wani masunci ya kai mu bayan rumfarsa. Ga abin nan a ƙasa, tsawonsa ya kai ƙofar ɗaki: bayan jikin jirgi ne, dab da wutsiya, ya yage ta gaba. Duk ya lulluɓe da wani ɓawo mai tauri kamar siminti, da ƙwanson kifi a manne, ga wari mai tayar da zuciya. A gefe ɗaya ƙugiyar koma ta fasa ɓawon, sai ga baƙin fenti a ƙasa, lambobi biyu raɗau. Baba Reg ya durƙusa. Ya karanta su da ƙarfi, ya sake karantawa. Su ne biyun ƙarshe na lambar jirgin Tom.

Tabɗijam! Amma ya ce kada mu yi gaggawa, jirage da yawa lambarsu na ƙarewa haka, sai an ga sauran da ke ƙarƙashin ɓawon. Masuncin ya naɗe mana shi da jiƙaƙƙun buhuna, ya ƙara kwara ruwa, muka ɗora a mota. Ni a zatona don wari ya yi haka.

Ranar Asabar Baba Reg ya tafi neman wani tsohon abokin aikinsa mai kyamara mai kyau, don a ɗauki hoton lambar. Zai fita ya ce, "Bar shi yadda yake, Bala."

To ga inda na tafka ta. Ni ɗan maƙera ne. Tun ina yaro abin da na sani shi ne ruwa abokin gabar ƙarfe ne. A gidanmu in ka bar ƙarfe ya kwana a jiƙe, ranƙwashi za ka sha kafin karin kumallo. Na dubi abin nan kwance cikin jiƙaƙƙun buhuna, raina ya ƙi kwanciya. Na ce haba, abin da ya sha ruwa shekara talatin da biyar, a ƙara masa wani? Ga rana kyauta Allah ya kawo. Na yaye buhunan, na jawo shi tsakar gareji inda rana ta fi duka, na juya gefen lambar sama don ya fi bushewa. Na kulle na tafi gida ina jin daɗin kaina.

Litinin da safe muka shigo tare, da mai kyamarar. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wurin da lambar take ya zama fari fat. Fentin ya tattashi ya naɗe kamar ɓawon albasa, ƙarfen ya yi ta fitar da wani farin gari. Har ɓawon da ke rufe da sauran lambobin ya tsattsage, ya ɗago da fentin a jikinsa. Ashe gishirin teku ya shige cikin naman ƙarfen. Muddin yana jiƙe, lafiya lau. Da ya bushe sai gishirin ya kumburo ya ci shi daga ciki.

Baba Reg ya tsuguna ya shafa wurin, garin ya biyo yatsunsa. Na so ya zage ni. Na so ya jefe ni da guduma ma. Sai ya ce a hankali, "Ba ka sani ba. Ni ya kamata in gaya maka dalili." Wallahi na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Mutum ya jira shekara talatin da biyar, ni na cinye masa a kwana biyu da gwanintata.

Abu ɗaya ya rage. Gefen da ya kwanta a ƙasa bai ga rana ba, da sauran danshinsa, kuma ta nan facin yake, in har jirgin ne. Muka mayar da buhuna, muka yi ta kwara ruwa. Ya ce zai gane aikinsa: faci ne kamar tafin hannu biyu, ya zagaye kusurwoyinsa, kuma a layin ƙasa akwai ribit huɗu masu dunƙulen kai, don masu shafaffen kai sun ƙare masa a ranar. Amma ɓawon da ke wurin ya kai kaurin yatsa biyu. Ya ɗauko cizal ya gwada a can gefe, bugu ɗaya, sai ɓawon ya ɓalle tare da ƙarfen, ya bar huji. Ya ajiye cizal ɗin, ya zauna a kan tsohuwar taya.

Ina tsaye sai na tuna tsakar gidanmu. Mahaifina in tukunya ta yi farin dutse a ciki saboda ruwan rijiya, ba ya kankarewa. Jiƙa ta yake yi da ruwan tsamiya da lemon tsami, dutsen ya narke, tukunyar ba abin da ya same ta. Na faɗa wa Baba Reg. Ya yi mini irin kallon da ya kamaci wanda ya shanya jirgi a rana.

"Abin miya?"

"Abin kunu, Baba. Mu gwada a ɗan guntun nan da ya ɓalle. In ya ci shi, kada ka ƙara saurarata har abada."

A kofin shayinsa muka gwada. Ina da 'yar tsamiya a flat, na jiƙa, na matse lemo biyu, na jefa guntun. Muka kafa kai a kan kofi kamar masu duba. Can sai ga 'yan kumfa suna tasowa daga ɓawon. Washegari na taɓa shi da tsinke, ya ruguje kamar jiƙaƙƙen ƙuli-ƙuli, ga ƙarfen a ƙasa sumul, har da sauran koren fenti. Tsohon nan ya daki kafaɗata sai da na yi taga-taga.

Na ruga titin Rye Lane wurin wata Hajiya 'yar zangon Kumasi mai sayar da kayan miyar gida. Na ce tsamiya nake so, duk wadda ke shagon, da kwalin lemon tsami biyar.

"Kai ɗana! Wane irin kunu ne wannan? Matarka ya haihu ne?"

Na ce, "Hajiya, jirgin sama zan jiƙa."

Ta ce Allah ya ba ni lafiya, ta kuma ɗaure mini kayan.

Muka haɗa kwami, wato babban mazubin ruwa, da katako da tamfol, muka kwantar da guntun jirgin a ciki. Sai matsalar ruwa. Saboda farin da ake yi, an hana amfani da mesa, an hana wanke mota, ga shi kuwa dole a canja ruwan nan duk bayan kwana biyu don gishirin ya fita. Da bokiti muka yi ta jido, har daga flat ɗina nake kawowa a jarka. Wani maƙwabci ya ga ruwa na gangarowa daga gareji ya kai ƙara, sai ga mutumin council, wato hukumar unguwa, da jakarsa, fuska a murtuke. Ya leƙa kwamin, ya ga ruwa ja kamar zoɓo ya lalace, ya tambayi abin da muke dafawa. Baba Reg ya gaya masa. Mutumin shi ma da furfurarsa, ya san zamanin. Ya ce shi dai bai ga mota ana wankewa ba, ya juya ya fita.

Mako shida muna wannan. Ba guduma, ba cizal, ba buroshin waya. Tsinken sakace da buroshin haƙori, su ne kayan aikin. Da safe kafin mu taɓa motar kowa sai mu durƙusa mu ɗan sosa abin da ya yi laushi, mu bar sauran. Ku da kuke cewa duka ne kawai, ku zo ku yi awa biyu a durƙushe kuna cire abin da bai cika cokali ba. Hannuwana suka yi fari suka tattare, duk inda na yanke lemon nan ya nemo shi. Baba Reg kuwa kullum ƙara ramewa yake, don kowace safiya muna ƙara matsowa kusa da amsar, kuma bai san wadda zai samu ba. Wata rana ya ce mini ko mu bari haka? Na ce, "Baba, na ɓata maka lamba, ba zan bar maka wannan a rufe ba."

Wata Talata da hantsi tsinkena ya ci karo da wani abu mai tudu. Na wanke wurin da buroshi. Kan ribit ne, dunƙulalle. Na matsa gaba, ga na biyu. Na uku. Na huɗu. Na ɗaga wa Baba Reg hannu. Ya zo ya durƙusa, ya karɓi buroshin, ya kasa, ya mayar mini. Na bi gefen a hankali, ɓawon na sakin jiki falle-falle, sai ga kusurwa a zagaye. Kafin azahar facin gaba ɗaya ya fito fili, kamar tafin hannu biyu, a zaune daram. Ribit ko ɗaya bai fita ba. Tsagar da ya rufe ba ta ƙara ko tsawon ƙwayar shinkafa ba.

Inda jirgin ya yage kuwa yana can gaba, ya fi kamu ɗaya daga facin. Muka wanke bakin yagewar. Huji uku ne a jere, kowane ya isa ka zura babban yatsa, bakinsu ya lanƙwashe zuwa ciki. Duk wanda ya taɓa riƙe guduma ya san ƙarfen da ya gaji ya tsage da kansa ba haka yake yi ba. Daga waje aka huda shi, ta ƙasa, ta inda matuƙin da ke biye ba zai gani ba. Harbo shi aka yi.

Jama'a, ban taɓa jin Baba Reg ya ɗaga murya ba sai ranar.

"Ya riƙe! Bala, ya riƙe! Ka gani? Ya riƙe!"

Ya rungume ni da jiƙaƙƙun hannuwa, ya sake ni, ya zagaya kwamin, ya shuri bokiti, ya fita titi ba hula yana gaya wa mai sayar da jarida abin da mutumin bai fahimta ba. Ni kuwa ina ta kabbara, ina dariya, hawaye na zuba, ban damu da wanda ya gani ba. Daɗin da na ji ranar ko ranar da aka ba ni makullin garejin ban ji irinsa ba.

Da muka natsu sai halin sana'a ya motsa mini. Na zura hannu ta ciki in ji bayan ribit ɗin. Shi ribit mutum biyu ke yinsa: ɗaya na bugawa ta waje, ɗaya na kara ƙarfe ta ciki don bakin ya dame. Ta waje aikin tsaf yake. Ta ciki kuwa wasu sun dame a karkace, wasu sun baje fiye da kima, sun dai kama amma ba kyan gani.

Na ce, "Baba, naka ya yi. Amma wanda ya kara maka ta ciki ɗan koyo ne. Da a garejin nan ne da ka kore shi."

Ya tsaya cak. Ya zura nasa hannun, ya daɗe yana lalubawa. Sai ya fara dariya, wata irin dariya da ta sa na kawar da kai.

"Tom ne," ya ce. "Abokin aikina ya tafi ɗauko mai. Wurin ya matse, shi kuma siriri ne. Ya tuɓe rigarsa ya kutsa ciki da kansa, yana ta yi mini tsiya wai in na buge masa yatsa shi ne zai kai ƙarata wurin uwata."

Ranar ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci ya hau bas zuwa Plumstead. Ban bi shi ba, ban kuma tambaye shi abin da suka ce ba.

Bayan kwana biyu ta zo garejin. Misis Elsi, 'yar ƙaramar mace mai furfura, da hula da jaka a hannu, tana taka ƙasan garejin a hankali saboda mai. Na share mata hanya, na gaishe ta. Ta tsaya a bakin kwamin tana kallo. Baba Reg ya nuna mata facin, ya nuna mata hujin uku, ya yi mata bayani tiryan-tiryan kamar mai mota. Ta saurara har ya gama.

"Ina ne ya taɓa?" ta ce.

Ya ce sai ta cire safar hannu. Ta cire, ta naɗe hannun rigarta. Ya kama wuyan hannunta ya zura shi cikin ruwan tsamiyar, ta ƙarƙashi, har yatsunta suka kai bayan facin.

"Duk waɗanda kika ji a karkace, nasa ne."

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, bakinta na motsi. Sai ta yi 'yar dariya.

"Shi ne kuwa. Ko ƙusar rataye hoto bai taɓa bugawa daidai ba a gidanmu."

Motoci uku ke jiranmu a tsakar gareji, masu su na ta bugo waya, amma babu wanda ya motsa a cikinmu sai da ta zaro hannunta da kanta, kuma ta daɗe ba ta zaro ba.